Ƙofofin 'Yar Kaduna

Tun da muka gyara gidanmu na unguwar Rusaifa a nan Makka kuke yi mini maganar tsohuwar motar nan da ke tsakar gida a ƙarƙashin tamfol. Usama ya ce ta cinye wajen da zai ajiye tasa. Maryam ta ce kyanwoyi sun mai da ita ɗakin haihuwa. Kun kuma ji daga bakin baffanku Faisal cewa ni ne na bar kakanku yana gasuwa a cikinta har ƙarfinsa ya ƙare, don na kasa buɗe baki in faɗa masa magana ɗaya. Ba zan ce Faisal ya yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya faɗa. Amma akwai abin da bai gani ba, domin ranar da ya faru ba ya wajen, ni kuwa ban taɓa iya ba da labari da baki ba. In na fara sai in yi ta gyara maganata har mai sauraro ya gaji ya tashi. Shi ya sa na ga gara in rubuta. In kun karanta kuka ga har yanzu masu tashlih, masu sayen mushen mota, su ne suka dace da ita, ba zan hana ku ba.

Kakanku, Alhaji Mamman, yana yaro ya baro wani ƙauye a ƙasar Zazzau tare da iyayensa da niyyar aikin Hajji. Sun biyo ta Chadi da Sudan, wani wajen a ƙasa, wani wajen a bayan babbar mota, suna tsayawa su yi noma a gonakin mutane su samu guzuri su ƙara gaba. A gida sun bar ƙaninsa Iro wajen kakarsu, saboda ba a daɗe da yaye shi ba kuma ba shi da ƙoshin lafiya. Niyyarsu su sauke farali su koma. Ba su koma ba. A nan Makka aka binne su duka biyun, shi kuma Baba ya girma, ya koyi tuƙi, ya zama direban alhazai. Duk abin da ya sani game da ƙaninsa daga bakin alhazan garinsu yake jinsa: Iro ya yi kaciya, Iro ya sauke Alƙur'ani, Iro ya tafi birni. Ya taɓa ce mini abin da kawai yake tunawa shi ne nauyin yaron a bayansa, fuskar kuwa ta ɓace masa.

Ina ƙarami wani alhaji ya kawo mana kaset da hoto. A hoton, wani saurayi ne sanye da shuɗiyar rigar aiki, ya dafa sabuwar mota doguwa mai kujeru layi uku. A kaset ɗin yake cewa ya samu aiki a masana'antar haɗa motoci a Kaduna, kuma aikinsa ɗaura ƙofa; babu motar da ke fita daga layinsu sai ya rufe ƙofarta ya ji ƙarar da kunnensa. Baba ya saurari kaset ɗin har ya tsinke, Inna ta liƙe shi da jan farce. A cikin makon ya ɗauki hoton ya tafi kasuwar motoci, yana bin layi yana gwada hoton da kowace mota, har ya samu mai irin wannan ƙirar da irin wannan tambarin. Ya sayar da babbar motarsa ta Amurka, wadda duk direbobi ke sha'awa, ya sayo wannan. Ya sa mata suna 'Yar Kaduna. Da ta tsufa ya sake sayen irinta, sunan kuma ya bi ta. Wannan da ke tsakar gida ita ce ta ƙarshe.

A tashar Kudai, inda direbobi ke jiran alhazai, babu wanda bai san shi da wannan ba. Da farko 'yan uwansa direbobi suka koma motocin Japan, daga baya na Koriya suka fara shigowa da araha da sanyi. Shi bai motsa ba. Akwai wani abokinsa Abakar, ɗan Hausawan Sudan, da ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Ya Hajj Mamman, yau ma amaryar ta tashi, ko sai an tura ta?"

"Ta tashi tun kafin ka yi alwala," in ji Baba. "Taka wa ya ƙera ta? Ka san sunansa? Ni tawa ɗan uwana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

A nan maganar take. Ina jami'a na gane cewa ba haka ba ne. Wata rana na buɗe gaban motar zan zuba ruwa, sai idona ya sauka kan ɗan farantin ƙarfe da ake mannawa a jikin kowace mota. Sunan wata ƙasa ta Turai ne a kai. Ban yarda da idona ba, don ni ko abin da na gani sai na sake tambaya. Na je wajen mai sayar da kayan gyara, ya tabbatar mini: kamfani ɗaya ne, ƙira ɗaya ce, amma waɗanda ake kawowa nan daga Turai jirgin ruwa ke ɗauko su. Na Kaduna a can ake sayar da su. Wato duk motocin da Baba ya saya, babu wadda hannun Baffa Iro ya taɓa. Na faɗa wa Faisal, wanda watakila bai kamata in faɗa masa ba, muka yi shiru da maganar shekara da shekaru. Ba ta cutar da kowa a lokacin.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce shekarar da shirun ya fara tsada. Baba ya manyanta, likita ya ce jininsa ya hau. Mukayyif ɗin motar, wato na'urar sanyi, ya zama sai huci. Alhazai kuma sun waye. Su leƙo su ji zafin ciki, su dubi ƙofar baya da aka ɗaure da igiya, su ce Allah ya ba da sa'a, su wuce motar gaba. Yakan wuni a Kudai ya dawo da jiƙaƙƙiyar riga da jajayen idanu. Muna cikin haka saƙo ya zo cewa Baffa Iro ya biya kujerar Hajji. Bayan fiye da rabin rayuwa, za su ga juna.

Faisal ya same ni a ɗakin Inna. Shi Larabci ya fi zama a bakinsa, amma in ransa ya ɓaci Hausarsa takan fito tsaf.

"Ya Sa'id, kai ne mai digiri, kai yake jin maganarka. Ka faɗa masa motar nan ba ta taɓa shaƙar iskar Kaduna ba. Halas, shi ke nan. In ya ji haka me zai riƙe? Mu haɗu mu fito masa da sabuwa mai sanyi kamar firij."

"Ina ganin mu bari Hajji ya wuce tukuna," na ce.

"Kullum ka ce mu bari. In ya faɗi a kan sitiyari fa?"

Inna tana tsinkar ganyen mulukiya, ba ta ɗago ba ta ce, "Ni ba ruwana da inda aka ƙera ta. Mijina nake so ya dinga dawowa gida ba kamar kifin da aka tsamo daga mai ba."

Na san suna da gaskiya. Har yau da nake rubutun nan ban samu hujjar da zan ce ba su da ita ba. Don haka washegari da hantsi na fita wajen Baba da niyyar in faɗa masa. Na tsara maganar a kaina, na san da me zan fara da inda zan sassauta. Na same shi yana wanke motar da kansa, yana bin gefen gilashi da tsohon buroshin haƙori. Ya ɗago ya gan ni. Babana yake kirana, saboda sunan mahaifinsa aka sa mini, bai taɓa kama sunana ba.

"Babana, ka zo daidai. Kai ka san takardu, ka duba mini ko za ta wuce fahas a haka." Fahas shi ne binciken lafiyar mota da hukuma ke yi. Ya matse tsumma ya ci gaba. "Na yi wa Iro alkawari tun a kaset ɗin da na aika masa. Na ce masa ranar da Allah ya kawo shi, a motar da ya haɗa da hannunsa zan kai shi Arfa. Ban goye shi ya girma ba. Ban je aurensa ba. Ban san kabarin kakarmu ba. Abin da kawai na iya yi masa a duniya shi ne ban taɓa ba wani kuɗina ba sai kamfaninsu."

Na tsaya da maganata a baki. Abin da na fahimta a lokacin, ko abin da nake zaton na fahimta, shi ne ba mota nake shirin karɓewa daga hannunsa ba. Zumuncin da ya yi wa ƙaninsa tsawon rayuwa ne zan ce masa bai isa inda aka aika shi ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Bari mu kai ta warsha wajen makanikai, Baba. Za a gyara abin da zai gyaru."

Da Faisal ya ji, bai yi ihu ba. Cewa ya yi, "Tsoro ne, ka ɗinka masa riga ka kira shi ladabi." Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, har tsawon lokaci.

Shirun nawa kuma bai ba ni kwanciyar hankali ba, domin ya haifar da wani tsoron da ya fi na farko. Baffa Iro ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin motocin nan. Kallo ɗaya zai yi ya gane. Maganar da na ƙi faɗa a ɓoye za ta fito a gaban kowa, daga bakin mutumin da ake yi dominsa. Da ya sauka Makka na yi tunanin in riga Baba zuwa masaukinsa in roƙe shi ya rufa. Har na kama hanya na juyo. Yaya zan tari baƙon Allah a ƙasa mai alfarma, a ganinmu na farko, in ce masa ya yi wa yayansa ƙarya?

Ranar da suka haɗu motar tana warsha, sai a ƙaramar motata ta Japan na kai Baba masaukin alhazai a Kudai. Ba zan iya kwatanta muku haɗuwar ba. Tsofaffi biyu ne suka tsaya suna kallon juna kamar kowa yana neman wani a bayan ɗayan. Sai Baffa ya ce "Yaya," ya durƙusa, Baba ya ɗago shi, suka daɗe a rungume. Da muka fito, Baba ya nuna motata yana jin kunya.

"Ka yi haƙuri, Iro, wannan ta yara ce. Taka tana nan zuwa."

A gida Inna ta yi tuwo da miyar kuka don ya ji kamar bai bar gida ba, ta kuma yi shinkafar Buhari don ya san ya zo Makka. Ana cikin ci Baba ya tambaye shi aiki. Baffa ya ajiye lomar da ya ɗauka.

"Yaya, ai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. An sallame mu. Da kuɗin sallamar na zo."

"An sallame ku? Wa zai ɗaura ƙofar?"

"Ƙofar me, in ba a sayen motar? Tsofaffin motocin waje sun cika gari, tokumbo ake ce musu. Talaka ya ce su yake iya saye, ban ga laifinsa ba. Manyan da a da ba sa hawan kowace mota sai tamu, su ma sun koma na waje masu baƙin gilashi. Inda muke fitar da motoci kamar ana ɓare gyaɗa, sai mu wuni muna share ƙasa. Ɗana ma babur ɗin Caina yake haya da shi, kuma da shi muke cin abinci."

A hankali Baba ya ce, "Ni kuwa ban taɓa sayen wata ba, Iro. Wallahi ban taɓa ba."

"Na sani, Yaya. Alhazai suna faɗa mini."

Akwai abin da direbobin Makka ke yi kafin ranakun Hajji, su ɗauki alhazai ziyara su ga Arfa da Muzdalifa da Mina tun suna fayau, domin a ranar Arfa kanta ba a barin ƙananan motoci su shiga. Da motar ta fito daga warsha muka sa rana. An gyara birki, an ɗan farfaɗo da mukayyif, amma ƙofar baya ta dama makanikin ya ce sai dai a haƙura, ta riga ta sauka. Da igiyarta muka je Kudai da sassafe. Baba ya sa farar jallabiya sabuwa. Ya tsaya a ƙofar masauki ya danna ham, har Abakar da wasu direbobi suka matso kallo.

Baffa ya fito. Ya zagaya motar a hankali. Ya ɗora tafin hannunsa a kan rufinta kamar mai gaida doki. Sannan ya sa hannu ya buɗe gabanta ba tare da ya nemi inda makamar take ba, ya sunkuya. Ina tsaye a gefensa, na ga inda idonsa ya tsaya. Ya daɗe yana kallon farantin nan. Ya ɗago ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

"To, Iro?" in ji Baba cike da murna. "Ka gane aikin hannunka?"

Na ji kamar a ce ƙasa ta buɗe. Baffa ya rufe gaban motar a hankali. Ya taka zuwa ƙofar baya, ya kama igiyar da yatsa biyu.

"Yaya, wannan ƙofar tun yaushe take haka?"

"Ta kwana biyu. Makanikan nan ba su iya ta ba."

"Kana da sifana a mota?"

"Akwai."

"To mu je Arfa."

A Arfa babu kowa sai masu kafa tantuna da motocin ruwa. Baffa ya yi dariya da ya ga bishiyoyin darbejiya jere a filin, ya ce ashe har su sun riga shi zuwa Hajji. Suka taka gindin Dutsen Rahama, suka yi wa iyayensu addu'a da kakar da ta reni Baffa. Ni na ba su wuri. Da suka dawo sai Baffa ya cire babbar rigarsa ya rataye a reshe, ya ce Baba ya matso da motar inuwa. Ya kwance igiyar ya miƙa masa. Ya ce in tallafi ƙofar daga ƙasa. Baba ya koma gefe yana zuba shayi daga fulas. Muna sunkuye, kanmu ya kusa haɗuwa, Baffa ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Ka sani?"

"Na sani, Baffa."

"Shi fa?"

"Bai sani ba."

Ya ja numfashi. "To riƙe da kyau, ɗana."

Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kan maganar ke nan, ni da shi. Ya cire ƙofar gaba ɗaya, ya daddaki maratayinta da dutse a kan tsumma, ya yanko ɗan gwangwani ya cusa inda ƙarfe ya cinye, ya mayar. Ya rufe, ya karkata kai yana saurare, ya girgiza kai, ya sake kwancewa. Da ta yi masa yadda yake so, na zaci mun gama. Sai ya wuce ta gaba. Na ce masa wannan lafiyarta ƙalau, ya ce ya sani. Duk ƙofofin ya kwance ɗaya bayan ɗaya ya sake ɗaurawa, har murfin baya, rana tana hawa, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Baba yana ta cewa ya huta, shi baƙo ne. Bai saurare shi ba. Da ya gama ya bi su yana rufewa, kowace ta ba da ƙara guda mai nauyi, ba kwaramniya. Ya goge hannunsa ya juya wajen yayansa.

"Yaya, duk wanda ya tambaye ka, ka ce masa ƙaninka Iro ne ya ɗaura ƙofofin motar nan. Ka rantse ma in ka so, ba ka da kaffara."

Baba ya ajiye kofin shayi. Ya je ƙofar baya ya buɗe ya rufe. Ya sake buɗewa ya rufe. Sai ya jingina goshinsa da rufin motar, kafaɗunsa suna motsi, mu kuma muka juya muna kallon masu tantuna.

Baffa ya yi Hajjinsa ya koma, ba su sake ganin juna ba. Baba ya ci gaba da fita Kudai a 'Yar Kaduna har lokacin da ɓarin jikinsa ya shanye, daga nan bai sake tuƙi ba har Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce hawan jini ne. Faisal ya ce zafin motar ne ya kai shi can, da mun canja ta da ya ƙara shekaru. Ban sani ba. Ajali na Allah ne, amma ana kama sababi, wannan ma na sani. Na sha zama ina auna abin, wata rana ya rinjaya nan, wata rana can. Ni da Faisal mun shirya a gaban gawar Baba, sai dai har yau ba ma taɓo maganar.

Abu ɗaya kawai na lura da shi, kuma ban tabbata ko yana da ma'ana ba. Kafin zuwan Baffa, Baba yakan ce, "Motar da ƙanena ya haɗa." Bayan ranar Arfa ban sake jin ya faɗi haka ba. Cewa yake, "Motar da ƙanena ya ɗaura wa ƙofa." Ko ya gane ne daga shirun Baffa, ko kuwa maganar ce kawai ta yi masa daɗi ya riƙe, ban tambaye shi ba, shi ma bai tambaye ni ba.

Yau ni kaina motar Koriya nake hawa, Usama kuma ta Caina, ban ga laifin kowa ba. Ba na ce ku riƙe abin da kakanku ya riƙe ba. Injinta ya mutu, tayoyinta sun zauna, na san ba za ta sake zuwa Arfa ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kafin ku kira masu tashlih, ku ɗage tamfol ɗin, ku kori kyanwoyin, ku buɗe ƙofar baya ta dama. Kada ku buga ta. Ku tura ta da yatsa biyu kawai, ku saurara.